Gardamar Alhamis a Toledo

Ran Alhamis, in ƙararrawar coci ta buga huɗu,
sai ga Anselmo da sandarsa, sai ga Fermin mahauci,
sun hauro lungun nan da ya ƙi mota
sun zauna a maƙerar kakana Nicanor
kamar masu bin bashi.
Ni ina gefe da tsumma da mai, ina korar tsatsa.

Anselmo ya koyar da tarihi shekara talatin,
bai taɓa yanka ko kaza ba.
Shi ne mai cewa, "Takobin Japan ya fi!
An ninka ƙarfensa, an sake ninkawa,
har ya yi zane kamar ruwa ya ga iska.
Saki gashi a kan bakinsa ka sha kallo."

Fermin ya tuntsire, tumbi na rawa:
"Malam, kaifi na fahariya ne kafin ya gamu da ƙashi.
Ni na san abin da haƙarƙari ke yi wa wuƙa.
Ba ni namu na Toledo, siriri, dogo,
ka tanƙwara shi tsini ya gai da ƙota,
ka sake shi ya miƙe kamar bai taɓa rusunawa ba."

An ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.
Fermin na yin na gida,
Anselmo na yin na littafi.

Rannan kakana ya gaji.
Ya ajiye guduma, ya sauko da huɗu daga bango,
ya kwantar da su kan buhun gawayi.

"Wannan gajeren, irin na Rumawa ne.
Shi kaɗai abin tausayi ne, bai cika kamu biyu ba.
Amma sa shi bayan garkuwa,
kafaɗa na gugar kafaɗa, babu filin ɗaga hannu,
nan za ka ga dogo ya zama kaya.

Wannan mai doron jinjirin wata na mahaya ne.
Gudun doki ke yi masa rabin aiki.
Shigo da shi lungunmu a ƙafa,
bango zai fara sara.

Naka kuwa, Anselmo, ba don ado aka ninka shi ba.
Tamarsu yashi ce mai datti,
rashi ya koya musu haƙuri.
Yana cin nama, yana cin alharini,
amma haɗa shi da sulken ƙarfe ka ji kuka.
Taɓa nan. Ka ji giɓin?

Namu, Fermin, allura ce ta 'yan birni
masu zare ƙarfe kan harara.
Suka ta iya.
Ce mata ta sare reshe, ta ba ka kunya.

Kafin ku tambayi takobi, ku tambayi abin da ya tarar:
wane sulke, wane fili, hannun wa,
kuma mai hannun ya ci abinci ko da yunwa ya kwana."

Suka yi shiru, gawayi na ƙas-ƙas.
Can Anselmo ya gyara tabarau: "To, amma wanne ya fi?"

Kakana ya jawo aljihun tebur
ya fito da wata 'yar wuƙa da wasawa ta ramar,
ƙotarta icen zaitun, ɗaure da waya.
"Wannan ma takobi ce a da.
Kakata ta tsinci rabinta a bakin kogin Taho
shekarar da ruwa ya janye.
Ban san a jikin wa ta karye ba.
Na dai san bakunan da ta ciyar."

Ya yanka burodi gida huɗu, ya yanka cuku,
ya miƙo mini babban.

Suka ci, suka karkaɗe riga, suka gangara.
Tun kafin su sha kwana na jiyo Fermin:
"Ka dai ji ya ce allura!"

Na mayar da takubban bango ɗaya bayan ɗaya.
Na duba tsummana.
Tsatsar Rum da ta Japan da tamu,
duk launinsu ɗaya.